A Kai Yara Su Hau Dutsen Kufena

Ya ku malaman makaranta da akawuna, musamman na Gubuchi da kewayenta, ga wata shawara. Yaro yakan shekara shida ana zana masa dutse da tafki a allo, ya haddace, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa tsayawa a bisa tudun da ya fi rumbun ubansa tsawo ba. Ƙasar Makarfi shimfiɗaɗɗiya ce, daga gona sai fadamar rake. Ina yaro zai san abin da ake nufi?

To, ga Kufena nan kusa da Wusasa, yamma da birnin Zariya. In an yi sammako a mota daga Gubuchi, kafin hantsi ya dubi ludayi an isa gindinsa. Ba sai an ƙure ƙololuwa ba. Ko rabinsa aka hau, yaro ya ga birni da gonaki shimfiɗe kamar taswira, ya ga kufan ganuwar da mutanen dā suka kewaye dutsen da ita, ya kuma ga kwarmin da ruwan damina ke kwantawa a bisa fā. A nan ne malami zai nuna masa cewa ruwa ba ya nutsewa cikin dutse, gangarawa yake yi ya tarar da rafi. In an sauko sai a nemi izini a zarce Samaru, cikin Jami'ar Ahmadu Bello wadda aka kafa a 1962, a ga yadda aka datse Kubanni ta zama tafki. Darasin da alli ya kasa a wata uku, ga shi ya shiga a wuni guda.

Wasu za su ce akwai haɗari. Akwai kuwa. Fā in ya jiƙe santsi gare shi, saboda haka a bari sai kaka, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Kada a bar kowa ya shiga ruwan kwance: ban da nutsewa, akwai tsargiya, wadda ƙananan dodon-koɗi ke goyon ƙwayoyinta. Kowane yara goma a haɗa su da babba guda, da ruwan sha na gida.

Kuɗin mota kam, iyaye biyar in sun haɗa sun isa. Abin da na fi roƙo shi ne kada a bar 'yan mata a gida wai hawan dutse na maza ne. Ƙasar Amina muke, a tafi da su.