"Faɗa Min Gaskiya, Ba Zan San Kai Ba Ne": Wa Ke Cin Ribar Wannan Wasa?

Da zarar an yi hutu, wayoyi sun dawo hannu, sai ɗan adireshin nan ya fara yawo a WhatsApp da Instagram, da rubutu a samansa: "Turo min saƙo, ba zan san wanda ya turo ba." Wani na NGL ne, wani na Kubool. A jami'a ma haka muke gani duk ƙarshen zango, don haka mun san daɗin abin. Kowa yana son ya ji abin da ake faɗa a kansa in ya ba da baya. Sai dai irin waɗannan manhajoji sun shekara fiye da goma ana buɗe su ana rufewa, kuma kusan dalili ɗaya ne ke rufe su. Ya kamata ƙannenmu na sakandare su san labarin kafin su kafa nasu adireshin.

Mu fara da Sarahah, wadda yayyenku za su tuna. Wani ɗan Saudiyya mai suna Zain al-Abidin Tawfiq ne ya ƙirƙire ta a 2016, sunan kuwa Larabci ne, yana nufin faɗin gaskiya ƙarara. Niyyarsa mai kyau ce: ma'aikaci ya samu hanyar gaya wa shugabansa kuskurensa ba tare da tsoron kora ba. Da manhajar ta fito a 2017, matasa suka karɓe ta, ta haye sahun farko cikin manhajojin da ake saukewa a ƙasashe da dama. Ba a cika shekara ba, wata uwa a Ostareliya ta ga saƙonnin da ake turowa game da 'yarta, har da masu cewa ta kashe kanta. Ta buɗe takardar koke a intanet, mutum sama da 400,000 suka sa hannu, a farkon 2018 kuma Apple da Google suka cire manhajar daga rumbunansu.

Kafin ita an yi Yik Yak a Amurka, wadda aka buɗe a 2013. Ita rubutunka yana zuwa ne ga duk wanda ke cikin tazarar mil biyar da kai, babu suna. Cin zarafi ya yi yawa a makarantun sakandare har kamfanin ya toshe ta a harabar makarantun. A 2017 aka rufe ta, duk da an sake buɗe ta a 2021. A shekarar 2021 ɗin ne kuma Snapchat ya dakatar da YOLO da LMK, bayan mahaifiyar wani yaro ɗan shekara 16 da ya rasa ransa ta shigar da ƙara, tana cewa ta waɗannan manhajoji aka yi ta cin zarafinsa.

Labarin NGL ne ya fi shafar mu, don ita ake yayi yanzu. A watan Yulin 2024, hukumar kula da harkokin kasuwanci ta Amurka, FTC, tare da ofishin mai gabatar da ƙara na Los Angeles, suka tuhumi kamfanin, aka sasanta a kan zai biya dala miliyan 5, aka kuma haramta masa bai wa 'yan ƙasa da shekara 18 manhajar. Abin da ke cikin takardar tuhumar ne ya fi ɗaga hankali. Hukumar ta ce idan yaro ya kafa adireshinsa ba wanda ya turo masa komai, kamfanin da kansa yake sa kwamfuta ta aika masa saƙon bogi, kamar daga aboki ya fito. Cikin saƙonnin akwai mai cewa "Na san abin da ka aikata." To, wa zai karanta wannan ya iya barci? Daga nan sai a nuna masa wurin latsawa, wai ya biya kuɗi ya ga wanda ya turo. A lokacin, kuɗin yana kai kusan dala 10 a mako, ana cirewa duk mako. In ya biya, ba suna zai gani ba. Za a gaya masa lokacin da aka turo saƙon, da irin wayar da aka yi amfani da ita, da yankin da mai turowar yake. Hukumar ta ƙara da cewa da mutane suka yi ƙorafi, wani babba a kamfanin dariya ya yi musu a saƙonsa ga abokin aikinsa, ya kira su da kalmar da ke nufin wawayen da aka damfara.

A nan ne muke ganin ya kamata a tsaya a yi lissafi. Saƙon da ya ce "kina da kirki" ba ya sa kowa ya zaro kuɗi. Wanda ya hana ka sukuni shi ne zai sa ka biya don ka san mai shi. Kamfanin da ke samun kuɗinsa ta haka, yaya za mu yarda zai yi da gaske wajen hana saƙo mai zafi isowa gare mu?

Duk da haka, kusan dukkansu suna alkawarin tacewa. NGL ta yi ta tallar cewa tana da ƙirƙirarriyar basira mai tsame zagi da cin zarafi kafin su iso, FTC kuwa ta ce wannan iƙirari yaudara ne. Mu ɗauka ma rariyar tana aiki da Turanci. Mu da Hausa muke rubutu, ko Hausa gauraye da Turanci, kowa da irin rubutunsa. Wani ya sa ƙ, wani ya sa q, wani ya gutsure kalma ta koma haruffa uku. Manyan kamfanoni irin Facebook, masu dubban ma'aikatan tace rubutu, har yanzu ana sukarsu kan gazawa a harsunan Afirka, balle ƙaramin kamfani mai ma'aikata kaɗan.

Ko da na'ura ta haddace duk ashar ɗin Hausa, akwai abin da ya fi ƙarfinta, wato habaici da gugar zana. A ce an turo wa yarinya: "Mun ga wanda ya sauke ki a bakin get ranar Alhamis." Ko a ce wa yaro: "Allah ya kawo wa mama kasuwa, ƙosan jiya ya yi daɗi." Babu kalmar banza ko ɗaya a ciki. Na biyun ma addu'a ce a zahiri. Amma wanda aka turo wa ya san inda aka dosa, kuma na farkon, a garuruwanmu, ya isa ya sa a cire yarinya daga makaranta in ya faɗa hannun wani a gida. Zafin irin wannan saƙo yana cikin abin da mai turowa ya sani game da kai, kwamfutar da ke Kalifoniya kuwa ba ta san garinku ba, balle ajinku.

Wannan ya kawo mu ga abin da ake yawan mantawa. Wa ya ga adireshin da ka kafa? Masu lambar wayarka da masu bin shafinka: 'yan ajinku, 'yan Islamiyya, 'yan unguwa, dangi. Cikinsu mai zagin yake. Da a ce a fili ya faɗa, da mutum ɗaya ka ɓata da shi. Yanzu kuwa mutum arba'in kake zargi. Ranar komawa makaranta kana kallon wanda kuke zama benci ɗaya kana tunanin ko shi ne. Mun ga ƙawaye sun daina magana zango guda saboda saƙon da daga baya aka gane ba ɗaya daga cikinsu ce ta rubuta ba. Kuma bayan abin da FTC ta bankaɗo, ba mamaki wani saƙon ma ba ɗan'adam ne ya rubuta shi ba.

Mai turowa shi ma ya saurara. An ɓoye sunanka ga wanda ka turo wa, amma kamfani yana iya riƙe bayanan wayarka da adireshin intanet ɗin da ka hau da shi. A watan Nuwamban 2015, wani ɗalibi ya yi barazanar harbe ɗalibai baƙar fata na Jami'ar Missouri ta Yik Yak, washegari 'yan sanda suka kama shi. A zaurukan Facebook da ake barin mutum ya yi rubutu ba suna, masu kula da zauren da Facebook ɗin kansa suna ganin sunanka. Sarahah ma a 2017 an gano tana kwashe lambobin da ke cikin wayar mutane tana aikawa rumbun kamfanin. A Najeriya layinka a haɗe yake da lambar NIN, kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan barazana ta saƙo. Kafin ma a kai ga hukuma, salon rubutu yana tona asiri. Wanda ya shekara uku yana ganin yadda kake rubuta "gaskiya" da "wallahi" a zauren ajinku zai iya gane hannunka.

Ba mu ce ɓoye suna ba shi da amfani ba. Akwai ɗalibar da malami ke takura mata, ba za ta iya faɗa da sunanta ba. Akwai yaron da ke da tambaya kan balaga, kunya ta hana shi. Shi ya sa wasu makarantu ke ajiye akwatin ƙorafi, shi ya sa kuma shirye-shiryen rediyo ke karanta wasiƙa su ce an sakaya sunan mai ita. Bambancin shi ne a can akwai mutum mai suna, shugaban makaranta ko mai gabatar da shiri, da ke karantawa tukuna, kuma ana iya tuhumarsa in ya yi sakaci. In makarantarku ba ta da akwatin, wannan abu ne da shugabannin ɗalibai za su iya nema a wannan zangon, a kuma faɗi wanda zai riƙe makullin.

Wanda kuma ya riga ya kafa adireshi aka turo masa mummunan saƙo, kada ya ɗora shi a shafinsa da sunan mayar da martani. Abin da mai zagin ke jira ke nan, don zagin da mutum ɗaya ya gani yanzu ɗari biyu sun gani, manhajar kuma ta samu talla kyauta. Ka ɗauki hoton allon wayar ka ajiye, ka cire adireshin, ka goge manhajar, kada ka biya ko kwabo don ganin suna. In saƙon barazana ne, ko ana neman hotonki, ko ana cewa za a tona miki asiri in ba ki yi kaza ba, a ranar za a nuna wa babba: mama, yaya, ko malamar da aka yarda da ita. In kuma ka taɓa latsa wurin biyan kuɗin nan da katin wani a gida, ka shiga Play Store ko App Store ka soke rajistar, domin goge manhaja kaɗai ba ya tsayar da cire kuɗin.