Makahon da Ya Fi Sarki Gani: Raddi ga Masu Ƙyamar Wasannin Girkawa

Mu da muke riƙe da alli a makarantun sakandaren ƙasar Karaye da Rogo, kunnenmu ya gaji da magana guda. Wai wasannin Girkawan dā na ban tausayi shirme ne na masu bautar gumaka, ba abin da ɗan Bahaushe zai tsinta ciki. Abin takaici, har da marubuta cikin masu faɗin haka. To, 'yan'uwa, kun karanta kuwa kafin ku yanke hukunci?

Mu ɗauki Sarki Odifus na Sofokilis, wanda aka fara nunawa a Atina a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Annoba ta sauka a birnin Tibis. Sarki ya tsaya gaban jama'a ya tsine wa wanda ya kashe Layus, sarkin da ya gabace shi. 'Yan kallo sun sani shi ne ya yi kisan, sun kuma sani Layus ubansa ne. Shi kaɗai ne bai sani ba. Saboda haka duk kalmar da ta fito bakinsa harshen damo ce. Ashe ba mu ne muke cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani ba?

Dubi kuma yadda aka saƙa wasan da ido da makanta. Tiresiyas makaho ne, amma shi ya hango gaskiya. Sarki mai ido biyu ya yi masa gorin makanta. Ranar da gaskiya ta bayyana, sai sarkin ya tsokale idanunsa da hannunsa. Wane wa'azi kan girman kan mai mulki ya fi wannan ratsa zuciya?

Masu cewa addini ya hana, mu tuna musu. Littafin Aristotal kan fasahar waƙa, wanda ya yaba wannan wasa, an juya shi zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 10, kuma Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba da ya rasu a 1198, ya yi masa sharhi. Nan gida, Ola Rotimi ya mayar da labarin ƙasar Yarbawa a 1968. Mu fa, muna jiran wa?

Laifinmu malamai shi ma ba ƙarami ba ne. Muna sa yara haddar ma'anar kalmomin Turanci don jarrabawa, alhali yaron da ya taso yana kallon tashe da azumi, yana jin habaici da gugar zana a bakin rijiya, ya san wannan salo tun kafin ya shiga aji. Daga can ya kamata mu faro.

Kiranmu ga ƙungiya: a samu masu juya wannan wasa zuwa Hausa mai daɗi, a nuna shi a dandalin makarantunmu, sannan a yi gardamar. Allah ya sa mu gane.