Tuwon Gero Da Riƙe Ciki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ina so in yi magana a kan wani abu da ya dame ni a ƙauyukanmu na arewacin Kano, wajen Bichi da Dambatta da Minjibir, inda gona take manne da gona, babu saura babu daji, abin da magidanci ya noma a 'yar gonarsa shi ne abincin gidansa na shekara.

Da kaka sai ka ga mutum ya kai geronsa kasuwa, lokacin da ya fi araha, ya sayo shinkafa da taliya, wai tuwo abincin ƙauye ne. Har a bakin wani almajirina na ji wannan magana, ban kuwa ji daɗinta ba.

To, ku ji abin da masu bincike suka gano. A shekarar 1999 waɗansu masana a ƙasar Japan suka gano wani sinadari da tumbi yake fitarwa, suka sa masa suna girelin. In tumbi ya zama babu kome sai ya yawaita cikin jini, ya kai wa ƙwaƙwalwa labari, mutum ya ji yunwa; in an ci abinci sai ya ragu. Ashe ƙoshi ba cika ciki kaɗai ba ne, har da daɗewar da abinci zai yi a tumbi kafin ya wuce hanji.

Wannan daɗewa ita aka gwada a Bamako ta ƙasar Mali, tare da malaman Jami'ar Purdue ta Amurka, aka buga sakamakon a 2018. An ba mutane masu lafiya tuwon gero da tuwon dawa da dambun gero, wata rana kuma shinkafa da dankalin Turawa da taliya, aka riƙa auna numfashinsu don a san saurin fitar abincin daga tumbi. Sai aka ga na gero da dawa sun ɗauki kusan ninki biyu na lokacin da su shinkafa suka ɗauka. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, gaskiya, amma wane manomi ne bai san haka ba? Wanda ya karya da ɗumame yakan kai azahar yana huɗa, mai taliya kuwa tun hantsi yake duban hanyar gida.

Sai dai kada mu ɗora wa mata laifi. Surfe da niƙa da tuƙi wahala ce, ga tsadar itace, taliya kuwa nan da nan ta dahu. Wanda yake son tuwo ya ba da kuɗin inji, ya sayo itace.

Abu na ƙarshe, Allah gafarta malamai, ku faɗa wa iyaye: wannan riƙe ciki da ke taimakon babba yana iya cutar yaro ƙarami. Tumbinsa ƙarami ne, tuwo ya cika shi ya ƙi cin kome, alhali jikinsa bai sami abin gina shi ba, sai tamowa ta kama shi da cikinsa cike. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa, a sa masa wake da gyaɗa da zogale, da ƙwai ko nono in da hali. Haza wasalam.