Babban Baki Ba Shi Ne Bindiga Ba

Yau da maharba nake. In kai ba maharbi ba ne, ka karanta wa maƙwabcinka mai bindigar toka.

A ajinmu na yaƙi da jahilci, nan Dawce, akwai wani magidanci. In zai yi rubutu, da dungu yake danne littafi. Yatsu uku na hannunsa na hagu babu su. Bindigarsa ce ta fashe. Ya sa an ƙera masa mai faɗin baki, wai ta fi ta kowa a gari. Ran nan ya ɗura mata albarushi ya yi mata yawa, ya auna zabo. Zabo ya tashi abinsa. Shi kuwa aka ɗauke shi a amalanke. Yanzu riƙon hauya ma wahala yake ba shi, ga iyali.

Tun ran nan nake faɗa da wannan ɗabi'a. Mutum ya je wurin maƙeri, ba ya tambayar kaurin ƙarfe. Ba ya tambayar inda aka samo bututun. Abin da zai ce kawai shi ne, "A yi mini mai babban baki." To, don Allah, me za ka harba da ita?

Dubi dajinmu. Daga Dawce zuwa Matamaye, daga can zuwa Kance, gona ce ke bin gona. Yaushe rabonka da ganin barewa? Abin da ya rage mana shi ne zomo, da kurege, da fakara, da hasbiya, sai zabon daji in an dace. Giwa da ɓauna suna can gandun dajin W, a yammacin ƙasa, kuma can ma an hana harbi. Wanda ya sa wa hasbiya ɗurin ɓauna, gashi zai tsinta, ba nama ba.

Wani zai ce, ai kakanninmu da manyan bindigogi aka san su. Gaskiya ne. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa, har igwa aka ƙera masa a birni. Amma na yaƙi ne. Kai da wa kake yaƙi, da zomo? Wani kuma zai ce ƙara yake so, irin ta 'yan bindigar hawan salla. Su wannan aikinsu ne. Kai kuwa ƙara ba ta shiga tukunya, sai dai ta kore maka sauran tsuntsaye.

Bari mu yi ɗan lissafi, tun da yanzu ka iya. Ka taɓa jin masu bindigar kanti suna cewa lamba 12 ko lamba 20? Ga asalin abin. A ɗauki darma laba ɗaya, wato giram 454. A raba ta gida 12 daidai, a mulmula kowane kashi. Bututun da ƙwallo ɗaya ya cika bakinsa, shi ne lamba 12. In gida 20 aka raba, lamba 20 ke nan. Ka ga in lamba ta yi sama, baki ƙanƙancewa yake yi. Bakin lamba 12 ya ɗan wuce milimita 18, ƙwallonsa giram 38. Bakin lamba 20 bai cika milimita 16 ba, ƙwallonsa giram 23. Ɗebe 23 daga 38. Saura 15. Ko da ƙananan harsasai kake ɗurawa, haka bambancin yake tafiya. Babban baki ya fi cin darma, ya fi cin albarushi, ya fi dukan kafaɗa. Kuɗin nan daga rumbunka suke fita.

Ban ce ba shi da amfani ko kaɗan ba. Yana ɗaukar harsasai da yawa, kuma in garken tsuntsaye ya tashi, yakan fi samu. Amma wannan sai bindigar da aka gwada ƙarfinta a masana'anta. Tamu ta gida wa ya gwada ta? Bututu biyu in kaurin ƙarfensu ɗaya ne, mai faɗin shi ke fara tsagewa. Tambayi mai ginin tukwane, ta san randa ba ta tsayuwa da kaurin kasko. Balle in bututun famfo ne, mai ɗinki a jikinsa. Don ruwa aka yi shi, ba don wuta ba. Ga tsatsa tana cinsa ta ciki, domin tokar albarushi tana jawo laima in ba a wanke ba.

Ni a ganina, mai neman zomo da fakara, baki irin na lamba 20 ya ishe shi. Ɗauki abin jan layi na ɗanka ɗan makaranta, ka auna bakin da kanka. Ka duba kaurin ƙarfen. Ka tambayi maƙeri ko bututun mene ne, in ya yi ta kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Kada ka kuskura ka farke harsashin kanti ka zuba garinsa a bindigar toka. Ƙarfinsa ya fi nata nesa ba kusa ba. In baki ya taɓa ƙasa, kada ka harba sai ka share shi.

Saura maganar hukuma. Dokar farauta ta ƙasarmu, ta ran 29 ga Afrilu 1998, ta ce akwai takardar izini, akwai lokacin buɗe farauta da na rufewa, akwai dabbobin da ba a taɓawa sam. Kafin ka kai wa maƙeri ko dala, je Matamaye wurin ma'aikatan gandun daji. Ka ce su nuna maka takardar, ka karanta da idonka.