Zauren Iyali: Yaron da ya kwance rediyon gida

  

Bayan fitowarmu da ta gabata, wani magidanci ya aiko mini da takarda yana kuka da ɗansa mai shekara 13. Ya ce yaron ya kwance rediyon gida, ya ɓalle tocila biyu, ranar nan kuma uwarsa ta tarar da shi yana cusa waya a ramin wutar bango. Ya buge shi har sau uku, bai daina ba. Tambayarsa ita ce: ya ƙara masa bulala, ko akwai wata dabara?

Malam, kafin in amsa, bari in tona asirin kaina. Ina ɗan shekara 12 na kwance rediyon mahaifina, wadda yake sauraren labarai da ita bayan sallar isha'i, don in ga inda mutanen da ke magana suke zaune. Ban ga kowa ba, sai dai na tsinka zaren da ke jan allurar tasha. Na kwana ina jiran hukunci. Da gari ya waye ya kama hannuna muka tafi rumfar wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya biya kuɗin gyara, sa'an nan ya roƙi mutumin ya bar ni in riƙa zama wurinsa ran Alhamis, tun da babu makarantar allo. Ban zama mai gyara ba, amma abin da zan faɗa a nan, a kan bencin nan na fara jin sa.

A ganina laifi biyu ne a cikin takardarka, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kwance rediyo ɓarnar dukiya ce, ana iya biya. Cusa waya a bango kuwa maganar rai ce. Bulala ba ta raba wa yaro waɗannan biyun. Abin da take koya masa shi ne ya jira sai ba ka gida. Son sanin yadda na'ura take aiki kuma ba baƙon abu ne a cikin al'ummarmu ba. A Bagadaza, a ƙarni na 9 na Miladiyya, ƴan uwan nan uku da ake kira Banu Musa sun wallafa Kitabul Hiyal, mai ɗauke da bayanin na'urori kusan 100, har da fitilar da ke turo lagwaninta da kanta. A 1206 kuma Aljazari ya kammala nasa littafin a kan agogon ruwa da injinan ɗebo ruwa. Da ruwa da iska suka yi aiki, ba da lantarki ba, amma ƙaiƙayin hannun ɗaya ne da na ɗanka.

To, ta ina mai koyo zai fara? Da abu uku, kuma tankin ruwa na unguwa ya ishe mu misali. Tsawon tankin shi ke ba ruwa ƙarfin turawa. A lantarki wannan ƙarfin da bolt ake auna shi. Yawan ruwan da ke gudana cikin bututu shi ne kwatankwacin amper. Ƙuncin bututun, wanda ke tauye gudun ruwa, shi ne turjiya, ana auna ta da om, sunan da aka ɗauko daga Bajamushen nan Georg Ohm. A 1827 ya bayyana ƙa'idar da ta ɗaure ukun: a raba bolt da om, abin da ya fito shi ne amper. Yaron da ya iya rabawa a makaranta ya riga ya mallaki mabuɗin.

Ga aikin farko, wanda nake so uba ya zauna a yi shi a gabansa. A samo pil mai bolt 9, irin mai kusurwa huɗu, da ɗan ƙwan fitilar nan ja da ake kira LED, wanda ake iya cirowa daga mataccen rediyo ko abin wasan yara, da rezistans guda, wato ƴar ƙwayar nan mai zobba masu launi. Jan ƙwan yana cin kimanin bolt 2, kuma miliamper 15 ta ishe shi, miliamper kuwa kashi ɗaya ce cikin dubu na amper. Ke nan bolt 7 suka rage, dole a sami abin da zai shanye su. A raba 7 da 0,015, za a sami 467. Mafi kusa da wannan a kasuwa ita ce mai om 470, alamarta zobe rawaya, da shunayya, da ruwan ƙasa. Launukan lambobi ne: baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan goro 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. Zobe biyu na farko su ne lambar, na uku kuma yawan sifirin da za a ƙara. A haɗa doguwar ƙafar ƙwan ta wajen alamar tarawa ta pil, rezistans tana tsakani. In aka juya ƙafafun ba zai kama ba, sai a gyara. In kuwa aka tsallake rezistans, zai yi walƙiya sau ɗaya ya mutu. Ni dai shawarata a bar yaro ya ƙona guda da gangan. Darasin ya fi kuɗin ƙwan.

Yanzu sai maganar bango, kuma a nan nake so iyaye mata su ma su saurara. Ƙa'idar Ohm ɗin nan ita ce ke bayyana dalilin da ya sa pil ba ya cutarwa, wutar gida kuwa take kisa. Busasshiyar fatar mutum tana da turjiyar dubban om masu yawa, don haka abin da bolt 9 zai tura ta cikinta bai kai a ji shi ba. Wutar gidajenmu bolt 220 ce, jiƙaƙƙen jiki kuma turjiyarsa tana iya sauka zuwa wajen om 1.000. A yi lissafin: miliamper 220 ke nan. Alhali ƴan gomiya kaɗan, in suka ratsa ƙirji, suna iya rikita bugun zuciya. A tuna sau nawa a yini hannuwanmu da ƙafafunmu suke jiƙe da ruwan alwala, muna tsaye ba takalmi a kan siminti. Saboda haka sharaɗin farko, wanda ba a sassautawa: mai koyo ba ya taɓa duk abin da ke shiga bango, ko da an zare shi. Cajar waya da tsohuwar talabijin mai ƙeya suna da kondansater, ma'ajiyar wuta da ke riƙe caji bayan an kashe su. A cikin caja yana kaiwa bolt 300, a kwalbar talabijin mai launi kuwa ana maganar wajen bolt 25.000. Batirin wayar salula shi ma ba abin wasa ba ne: in aka huda shi ko aka lanƙwasa, yana iya kama wuta. Batirin mota ko na hasken rana, mai bolt 12, ba ya fizgar mutum, amma in ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu, waya tana yin ja nan take ta ƙone hannu.

Kayan aiki ba su da yawa. Turnabis ƙanana, ɗan awartaki, da miltimetir, wato ma'aunin da ke nuna bolt da om da amper. In kuɗin abu ɗaya kawai ke akwai, a sayi ma'aunin, don lantarki ba a ganin sa, sai an auna. Ƙarfen liƙa darma ya jira sai yaro ya yi ƴan watanni, kuma babba yana kusa, tun da shi ma bango yake shiga. Darmar da aka fi sayarwa haɗin kuza ce da dalma, tana narkewa a wajen digiri 185. Dalma guba ce mai taruwa a jiki, ta fi kuma yi wa ƙwaƙwalwar yara illa. Mu da muke cin tuwo da hannu daga akushi ɗaya, wajibi ne a wanke hannu da sabulu bayan aiki, a yi aikin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, kada kuma a riƙe darmar da haƙori kamar yadda na sha ganin masu gyara suna yi.

Saura amana. Da zarar yaro ya tayar da tocila ɗaya, makwabta za su fara kawo nasu. Malamanmu na Malikiyya sun ɗora wa mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki lamunin abin da ya karɓa ya tafi da shi, in ya salwanta a hannunsa. Yaronka bai kai wannan matsayi ba, amma gara ya tashi da sanin hukuncin. Ya koya a kan matattun kaya, waɗanda aka ba shi da yardar masu su, kada ya karɓi wayar kowa. Lokacin aikin kuma a yanka masa shi, bayan la'asar ko ranar hutu, yadda ba zai ci salla ko hadda ko aikin makaranta ba.

Don haka, Malam, ka ajiye bulalar a wannan mako. Ka toshe ramukan bangon da hannunsa ke kaiwa, ka nemo masa matacciyar rediyo mai aiki da pil wadda za ta zama tasa, ka kuma nemi mai gyaran da ka yarda da addininsa da halinsa, ku je tare. Rediyon da ya kwance kuwa, a kai ta gyara a gabansa, ya ji nawa aka biya. A fitowa mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake auna pil da miltimetir, da yadda ake gane wayar da ta tsinke a cikin robarta.