Kafin Ka Cike Takardar Neman Jami'a: Nasiha ga Mai Son Kimiyyar Harshe da Kwatancin Adabi

 

'Yan'uwana matasa, duk shekara idan lokacin rajistar JAMB ya ƙarato, ɗalibaina da suka kammala sakandare sukan tambaye ni wace jami'a ce ta fi. A 'yan shekarun nan wasu daga cikinsu, musamman waɗanda suka yi ƙarfi a Larabci, sun fara nuna sha'awar kimiyyar harshe da kwatancin adabi. Ra'ayina a kan wannan shi ne: a waɗannan fannoni biyu, wanda ya zaɓi jami'a saboda sunanta kawai ya yi cinikin biri a sama. Abin dubawa shi ne harsunan da za a koya maka, da malaman da za ka zauna gabansu, da littattafan da hannunka zai iya kaiwa gare su.

Da farko ya kamata mu san abin da ake nema, domin da yawa suna zaton kimiyyar harshe ita ce koyon harsuna barkatai. Abin ya wuce nan. Ita nazari ce ta yadda harshe yake aiki: furuci, tsarin sauti, ginin kalma, ginin jimla, ma'ana, da yadda harshe ke sauyawa a bakin al'umma. Ɗalibin da ya karanta nahawu da sarfu a Islamiyya ya riga ya taka bakin wannan kogi. Halilu ɗan Ahmad ya jera kalmomin ƙamusunsa, Kitabul Aini, bisa mafitar haruffa, ya faro daga maƙogwaro. Ɗalibinsa Sibawaihi ya bayyana sautukan Larabci dalla-dalla tun ƙarni na biyu na Hijira, sannan Ibnu Jinni, wanda ya rasu a 392 Hijiriyya, ya zurfafa bincike a Al-Khasa'is. Saboda haka wanda ya iya tajwidi, ya san makhariju da siffofin haruffa, ba zai zama baƙo a ajin ilimin furuci ba.

Shi kuwa kwatancin adabi, aikinsa bin sawun labari ko salo ko jigo yayin da ya ƙetare daga wani harshe zuwa wani. Misalinsa yana cikin gidanmu. Kalila wa Dimna ya taso daga Indiya, ya bi ta Farisa, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci. Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamusawa da sauransu ya gina Magana Jari Ce, ya sa musu rigar Hausa har ba ka gane baƙi ne. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Farfesa M.K.M. Galadanci ya nuna a 1975 yadda rubutacciyar waƙar Hausa ta auri ma'aunan arulin Larabci. Wanda zai yi irin wannan bincike dole ya karanta matani a harshensa na asali, domin fassara ba ta ɗauke da komai da komai.

Daga nan sharaɗi na farko ya fito: tambayi kanka da waɗanne harsuna za ka yi aiki, sannan ka nemi jami'ar da take da ƙarfi a cikinsu. Idan Hausa da Larabci ne, to ba sai ka yi nisa ba. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya tun 1969, kuma ita ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda ta fara a 1975, dukkansu sun daɗe suna yaye masana Hausa da Larabci. Idan kuwa zuciyarka tana ga nazarin harsunan Afirka gaba ɗaya, Jami'ar Ibadan tsohuwar hannu ce a kimiyyar harshe tun shekarun 1960. Ka kuma lura cewa a Najeriya ba kasafai ake samun kwatancin adabi a matsayin digirin farko mai zaman kansa ba. Galibi darasi ne a cikin sassan Turanci, Larabci, Faransanci ko harsunan Najeriya, sai a digiri na biyu mutum ya ƙware. To, gara ka yi digirin farko inda za ka fito da harsuna biyu masu ƙwari a hannunka.

Sharaɗi na biyu shi ne malamai. Magabata sun kasance suna yin tafiya domin wani malami takamaimai, su bar gari mai ƙasaita su nufi ƙauye saboda shi. A yau binciken ya yi sauƙi. Shiga intanet ka duba sunayen malaman sashen, ka ga me suka rubuta, kuma yaushe rabonsu da rubutu. Nemi ɗalibin aji uku ko huɗu ka tambaye shi ko akwai ɗakin gwajin sauti mai aiki, ko ana fita nazarin harshe a cikin jama'a, ko masu duba kundin kammalawa suna karanta shi da gaske. Tun daga 2022 hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fitar da sabon tsarin manhaja wanda ya tsayar da kashi 70 cikin ɗari ga kowa, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ta ga dama. A cikin wannan kashi 30 ne za ka gane halin sashe. Kada kuma ka manta ka tabbatar hukumar ta amince da kwas ɗin kafin iyayenka su kashe ko sisi.

Sharaɗi na uku shi ne kusanci da taskar littattafai. Mai son nazarin ajami da rubutun malaman jihadi yana buƙatar ya kasance kusa da Gidan Arewa a Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko taskar rubuce-rubucen hannu ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Waɗannan wurare su ne masu bincike daga Amurka da Turai suke biyan kuɗin jirgi su zo, mu kuwa kuɗin mota ya ishe mu.

To, ƙasashen waje fa? Ba na hana kowa. Misira tana da Azhar, tana da Darul Ulum ta Jami'ar Alƙahira, inda Muhammad Gunaimi Hilal, mai littafin Al-Adabul Muƙaran na 1953, ya koyar. Makarantar SOAS ta Landan tana da dogon tarihi da Hausa. Bargery, mai ƙamusun 1934, ya koyar a can. Paul Newman na Jami'ar Indiana ya wallafa babban nahawun Hausa a 2000. Amma a ganina fita ta fi amfani bayan digirin farko, lokacin da mutum ya san tambayar da yake ɗauke da ita, kuma hankalinsa ya nuna har zai iya tace abin da ake ba shi. Sannan a auna zaman lafiyar ƙasa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tilasta kwaso ɗalibanmu daga Khartum karatu bai ƙare ba.

Na san za a ce jami'o'inmu suna fama da yajin aiki, kuma gaskiya ne: na 2022 ya ci wata takwas. Za a kuma ce babban suna yana buɗe ƙofar aiki. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai a wannan fanni, ranar gwaji takarda ake miƙa maka a ce fassara, ko a ba ka rubutu a ce gyara. Gidajen rediyo, kamfanonin ɗab'i, kotuna, da masu koya wa kwamfuta harsunanmu, duk abin da ka iya suke saye. Wata takwas da aka rasa ana iya rama ta, amma shekara huɗu a sashen da babu malamin fanninka asara ce mai wuyar mayarwa.

Ga 'yan'uwa mata, ku haɗa da duba masauki da tsaro da nisan gida, ku yi shawara da iyaye tun da wuri, domin karatu ba ya zama cikin fargaba.

Daga ƙarshe, kada wani ya raina muku wannan ilimi. A Suratur Rum, aya ta 22, an lissafa saɓanin harsuna cikin ayoyin Allah, kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙu. Ku rubuta jami'o'i uku, ku auna kowace da sharuɗɗan nan, ku nemi shawarar masana, ku yi istihara, sannan ku cike takarda. Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri, Ya ba mu ilimi mai amfani.