Maganin Tsutsar Dabba Ba Ya Warkar da Sankara

Saƙonnin murya na yawo a WhatsApp suna cewa fenbendazole da ivermectin, magungunan tsutsa, suna warkar da ciwon daji, wai likitoci ne ke ɓoyewa don neman kuɗi. A ƙasar makiyaya irin Birniwa, inda maganin tsutsar dabba ke baje a kasuwa, wannan magana tana iya halaka mutum.

Gaskiya ne tsohon magani kan samu sabon aiki. An janye thalidomide daga kasuwa a 1961 saboda ya nakasa dubban jarirai tun suna ciki, amma a 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga masu sankarar ɓargo. Sai da aka gwada shi a kan majinyata, aka auna adadin da za a sha, aka ƙirga waɗanda suka amfana da waɗanda suka cutu. Fenbendazole bai bi wannan hanya ba. Hujjar masu tallarsa ita ce gwajin ɗakin bincike da na ɓeraye, sai labarin wane ya warke. Likitoci kuwa sun ga waɗanda hantarsu ta taɓu bayan shansa. Mafi muni, mai ƙari ya kan shafe watanni yana sha, har lokacin da tiyata za ta yi amfani ya wuce.

Abin takaicin shi ne an bar jaki ana dukan taiki. A fadamun Kogin Haɗeja, inda kachala ta toshe hanyar ruwa, dodon koɗi na yaɗa tsargiya. Ƙwan tsutsarta yana maƙalewa a bangon mafitsara, yana gurzarta shekara da shekaru, har sankara ta kan tsiro. Tun 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa wannan tsutsa cikin masu haddasa ciwon daji. Maganinta praziquantel ne: tsoho, mai araha, ana raba shi kyauta a makarantu. Ba ya warkar da sankara. Yana kashe tsutsar kafin ta haifar da ita.

Duk da haka akwai iyayen da ke ɗaukar fitsarin jinin yaro alamar balaga. Wanda ke son tsohon magani ya yaƙi sankara a Birniwa, ya tabbata yaran fadama sun sha praziquantel, har da almajirai da 'ya'yan masunta waɗanda rabon makaranta ba ya kai gare su. Babban da ya ga jini a fitsarinsa kuwa, ya nufi asibiti a Haɗeja ko Nguru tun da wuri, ya bar maganin tsutsa ga tumaki.